Dariya a gidan rasuwa: amsa ga wadda ta rasa mahaifinta

Tambaya: Wata baiwar Allah daga nan Damagaram ta rubuto cewa mahaifinta ya rasu wata uku da suka wuce, bayan gajeriyar jinya. A daren sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, ita da ƴan'uwanta suna zaune a ɗakin mahaifiyarsu, sai wani ya tuno yadda marigayin yake gardama da rediyo a lokacin gasar kokowa, yana gyara wa mai sharhi magana kamar yana jin sa. Ɗakin ya ɓarke da dariya, har ita ta riƙe ciki. Gwaggonsu ta leƙo ta ce: "Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba kuke ƙyaƙyatawa?" Tun daga ranar take jin ta yi wa mahaifinta laifi. Tana tambaya ko abin da ta yi zunubi ne ko alamar taurin zuciya, tana kuma damuwa da ƙanenta, wanda ba a ga hawayensa ba tun ranar jana'iza, kullum sai barkwanci.

Amsa: Ƴar'uwa, kafin komai, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Aikina shi ne sauraron mutanen da damuwa ta yi wa nauyi, kuma a cikin masu zuwa wurina bayan rashin uwa ko uba, wannan tambaya taki tana cikin waɗanda ake yi mini a ƙarshen zama, da murya ƙasa-ƙasa, bayan an gama faɗin sauran abubuwa. Amsata a taƙaice ita ce ba ki yi wa mahaifinki laifi ba, kuma babu alamar ciwo ko taurin zuciya a cikin abin da kika bayyana. Maganar ƙanenki ce take buƙatar a sa ido, zan kuma zo kanta bayan na gama da taki.

Ki duba abin da ya faru a ɗakin nan. Kwana bakwai kuna karɓar gaisuwa, ana ce muku ya haƙuri kuna cewa da godiya, ana kiran mahaifinku marigayi, ana yaba masa da yabon da ake yi wa kowane mamaci, cewa mutumin kirki ne, mai zumunci, ba ya da abokin faɗa. Duk gaskiya ne, amma yabo ne da za a iya ɗauka a ɗora wa wani ya zauna daidai. A wannan dare kuwa sai wani ya faɗi abin da ba ya hawa kan kowa sai shi, abin da sai wanda ya kwana ya tashi a gidan ya sani, sai mutumin da kuka sani ya dawo cikin hira da muryarsa da rigimarsa da komai. Baƙon da ya zo gaisuwa ba zai iya wannan dariyar ba ko ya so, domin bai taɓa zama gefen tabarmar yana kallon dattijo yana faɗa da akwati ba. Dariyar ta fito ne daga sabo da ƙauna, wato daga inda kukan ma yake fitowa, shi ya sa a irin wannan zama sau da yawa ake ƙarewa da share ƙwalla ana cewa Allah sarki Baba.

Fatawa aikin malamai ce, amma akwai nassosi sanannu da ya kamata ki riƙe. A Suratun Najmi, aya ta 43 da ta 44, Allah ya ce Shi ne Ya sanya dariya Ya sanya kuka, kuma Shi ne Ya kashe Ya rayar. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa a ciwon ajali na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Nana Faɗima raɗa sai ta yi kuka, ya sake yi mata wata raɗar sai ta yi dariya, har Nana A'isha ta ce ba ta taɓa ganin farin ciki mafi kusa da baƙin ciki kamar na wannan rana ba. Daga baya Nana Faɗima ta bayyana cewa raɗar farko labarin kusantowar wafatinsa ce, ta biyu kuma bishara ce gare ta. Dariyarta ta murnar bishara ce, ta bambanta da ta barkwanci, don haka kada a ja hadisin ya wuce inda ya tsaya. Abin da yake nuna mana shi ne ɗiya tana iya kuka da dariya a zama ɗaya a gaban rashin mahaifinta, kuma babu wanda ya ɗauki hakan a matsayin ƙarancin ƙauna. Abubuwan da aka hana a fili su ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi, da kuma zagin matattu, wanda hadisin Nana A'isha a Bukhari ya hana saboda sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Malamai kuma sun ƙi dariya da hirar duniya wajen rakiyar gawa da cikin maƙabarta, domin wuri ne na wa'aztuwa. Taku dariyar a ɗakin mahaifiyarku aka yi ta, da dare, tsakanin ƴaƴan gida, kuma babu zagi a cikinta.

Al'adarmu ma ta daɗe da sanin cewa gidan rasuwa yana buƙatar mai sassauta shi. A gidaje da dama na ƙasar Hausa, idan tsoho ya rasu da yawan shekaru, jikoki suna da izinin wasa: wani ya ɗauki sandarsa ya kwaikwayi tafiyarsa, jikanya ta ce mijinta ya gudu ya bar ta babu kuɗin cefane, manya suna tsawatarwa suna murmushi. Abin yana raguwa a birane, wasu malamai kuma ba sa son sa, amma duk wanda ya tashi a cikinsa ya san amfanin da yake yi wa gidan da ya kwana uku babu mai iya haɗiye tuwo. Haka taubasai, haka wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, wanda mu a Damagaram ba sai an ba mu labarinsa ba. Abokin wasa yakan zo gaisuwa, ya yi addu'a da natsuwa, sannan a kan hanyar fita ya sako wata magana da babu wanda ya isa ya faɗe ta sai shi. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan wasan dangi na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma watan farko na shekarar Musulunci shi ne aka fi raya shi.

Sai dai a nan ne ya kamata mu yi wa Gwaggo adalci, domin al'adar da ta buɗe ƙofar wasa ta kuma faɗi masu shiga. Jika ta ba izini, da taubashi, da abokin wasa na ƙabila. Tsakanin ɗa da uba kuwa kunya ta ajiye, kunyar da take hana mutum kiran sunan mahaifinsa ko zama a shimfiɗarsa. Kunnen da ya girma a kan wannan tsari, idan ya ji ƴaƴan cikin mamaci suna ƙyaƙyatawa a daren bakwai, abin da zai fara ji shi ne an keta iyaka. Ki ƙara da cewa ita ma a cikin rashi take, rashin ɗan'uwan da ta sani tun kafin a haife ku, wataƙila shi ne na ƙarshe da ya san iyayensu da gidan da suka tashi. Ki kuma ƙara da tsoron bakin mutane, domin a unguwanninmu katanga ɗaya ce tsakanin gida da gida, kuma gwaggo ita ce mai tsaron mutuncin dangin uba. A ganina ta yi kuskure wajen fassara dariyarku, amma tana da gaskiya a kan cewa zaman makoki na mutane da yawa ne, kuma kowa da inda zuciyarsa ta kai a wannan dare. Abin da za a iya gyarawa a nan shi ne ƙarfin murya da zaɓen lokaci. Tunawar kanta babu abin gyara a cikinta.

Ta fuskar ilimin halayyar ɗan Adam, an yi nazari a kan wannan abu kai tsaye. A shekarar 1997 wasu masana biyu a Amurka, Dacher Keltner da George Bonanno, sun wallafa binciken da suka yi a kan mutanen da suka rasa miji ko mata kimanin wata shida kafin a zauna da su. Sun ɗauki hoton bidiyonsu suna ba da labarin mamacin, suka rarrabe dariyar da take motsa naman gefen ido daga wadda take tsayawa a leɓe kawai, bambancin da wani likitan Faransa mai suna Duchenne ya bayyana tun ƙarni na 19. Waɗanda suka yi dariyar gaske suna cikin labarin sun fi ƙarancin fushi, sun fi kyakkyawar hulɗa da mutane, kuma da aka sake bibiyarsu a wata na 14 da na 25 bayan rasuwar, an tarar nauyin baƙin cikinsu ya fi sauƙi. Dole in ja hankalinki a kan iyakar wannan bincike: mutanen ba su da yawa, Amurkawa ne, kuma rashin abokin aure suka yi. Bai kuma tabbatar da cewa dariyar ce ta kawo sauƙin ba, domin tana iya zama alama ce kawai ta zuciyar da dama take iya ɗaukar nauyin. Saboda haka ba na rubuta wa kowa dariya a matsayin magani, kuma ba na son a matsa wa mai makoki da barkwanci don a faranta masa rai da ƙarfi. Abin da binciken ya rushe shi ne zaton cewa mai dariya a cikin rashi yana gudun gaskiya ne, kuma wata rana sai abin ya fashe masa.

Bayanin da na fi amfani da shi a wurin aiki shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, wanda suka fitar a 1999. Sun ce mai baƙin ciki yana kai-komo ne tsakanin fuskantar rashin, da kuka da kewa da tunani, da kuma juyawa ga rayuwa, da aiki da hira da hutawa daga tunanin, kuma lafiyar tana cikin kai-komon. Kamar macen da ta ɗauko itace daga nesa ce, takan sauke a gindin bishiya ta sha iska, ta gyara gammo ta sake ɗauka, kuma babu mai hankalin da zai ce ta yar da kayanta. Matakan baƙin ciki biyar ɗin nan da ake yaɗawa a intanet, waɗanda Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969, asalinsu daga hira da marasa lafiya masu fuskantar mutuwar kansu ne, don haka kada ki auna kanki da su ki ce kin tsallake wani mataki.

Yanzu ga inda nake son ki natsu, domin dariya iri-iri ce a gidan rasuwa, kuma akwai wadda take cutarwa. Ma'aunin da nake ba mutane mai sauƙi ne: da Baba yana zaune a wurin, zai taya ku dariyar, ko aƙalla ya haɗe rai na wasa ya ce ku tashi ku ba shi wuri? Idan amsar e ce, to labarin halinsa ne kuke yi, irin su cinikin da yake ja har mai kaya ya gaji, ko kashe fitilun gida yana ƙorafin kuɗin wuta, ko sunayen da ya laƙaba wa kowannenku. Idan kuwa abu ne da zai sa ya sunkuyar da kai, to a bar shi a rufe. Kwanakin jinyarsa suna cikin wannan, da raunin jiki da ruɗewar magana da ciwo yake kawowa, domin abin da ƴaƴa suka gani a ɗakin jinya amana ce. Haka bashi, haka sirrin aurensa. Idan gidanku na mata fiye da ɗaya ne, sai an ƙara kula sosai, musamman kafin a raba gado, saboda maganar da take wasa a ɗakinku tana iya isa ɗakin abokiyar zaman mahaifiyarku a matsayin habaici, kuma na ga zumuncin ƴan uba ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Ina kuma ba da shawarar a yi hattara da rubuta irin waɗannan labarai a zauren dangi na WhatsApp ko a Facebook. Rubutu ba ya ɗauke da murya ko ƙwallar da take biyo baya, kuma ɗan'uwan da yake Agadas ko Yamai ko Kano, wanda bai samu jana'iza ba, zai karanta shi kaɗai a lokacin da ba ku san halin da yake ciki ba.

Game da mahaifiyarku, har yanzu tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ƙayyade, kuma wannan tsakanin, bayan arba'in da ƙafar masu gaisuwa ta ɗauke, shi ne mafi kaɗaici gare ta. Ku bar ta ta ja ragamar hirar. Idan ta ɗauko labarinsa mai ban dariya ku bi ta, idan dariyar ta juye kuka kada ku yi saurin rufe ta da "ki yi haƙuri, Inna" ko ku sauya magana, ku zauna kawai har ta lafa. Ita kuma Gwaggo, kada ki je mata da hujjoji, ko da ayar da hadisin da na kawo miki. Ki kai mata ziyara da ɗan abin hannu, ki gaishe ta da haƙuri, idan zama ya yi zama ki ce: "Gwaggo, wai yaya Baba yake yana yaro?" A mafi yawan lokuta mai tsawatarwar nan ita ce take da labaran da suka fi na kowa, ba ta dai samu wanda ya tambaye ta ba. Haka abokansa na majalisa ko na kasuwar Dole idan can yake zama, kuma Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa yana daga mafificin biyayya mutum ya sadar da zumunci ga masoyan mahaifinsa.

Sai maganar ƙanenki. Rashin ganin hawaye shi kaɗai ba ciwo ba ne. An tarbiyyantar da ƴaƴanmu maza a kan cewa namiji ba ya kuka a gaban mata, da yawansu kuma suna yin nasu a sujada ko a inda babu ido, kuma saurayi a Zinder yakan kai damuwarsa fada ne, wato majalisar samari, a sha shayi a yi ta zolaya har dare ya raba, wanda shi ma wata hanyar jingina da mutane ce. Abin da za ki lura da shi shi ne ko Baba yana cikin barkwancin nasa. Idan yana kwaikwayon muryarsa, yana tuno maganganunsa, yana iya zama a yi hirarsa ko da na ɗan lokaci ne, to hanyarsa ce ta makoki, ki ƙyale shi. Idan kuwa duk sanda aka ambaci Baba sai ya jefo wasa don ya katse maganar, ko ya tashi ya fita, ya ƙi shiga zauren marigayin, ya ƙi zuwa ziyarar kabari, to barkwancin ya zama katanga. Ki kuma duba barcinsa da cin abincinsa, da ko ya daina zuwa aiki ko lakwal, da ko wasan nasa ya koma mai ɗaci yana cin mutuncin mutane ko na kansa, da ko ya sauya abokai ko an fara ganin alamar ƙwaya irin su tramol, wadda take samun samari da yawa a irin wannan gaɓa.

Akwai wasa guda ɗaya da ba a bari ya wuce. Idan kika ji yana cewa shi ma ya kusa bin Baba, ko ku shirya gumbar tasa sadakar, ko rayuwar ba ta da amfani, ko da yana dariya yake faɗa, ki same shi shi kaɗai ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin da ba ya da shi, kuma sau da yawa mai wannan tunani yana jiran wanda zai tambaya ne. Ban da wannan hali, kada ki tsare shi da "me ya sa ba ka kuka", kuma kada a yi masa taron dangi. Samari sun fi buɗe baki idan hannu yana aiki kuma ba a kallon idonsu, saboda haka ki nemi ya raka ki wata unguwa, ko ku gyara takardun Baba tare, ki fara faɗin taki kewar ba tare da kin nemi tasa ba. Idan ya fi sakewa da kawunku ko wani babban abokinsa na fada, ki bi ta wurinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta amince da wani ciwo na baƙin cikin da ya ƙi sassautawa, inda kewar mamaci take mamaye mutum har ta hana shi gudanar da rayuwarsa, kuma sharaɗinsa shi ne ya kai aƙalla wata shida, ya kuma wuce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wata 12 ga manya. A wata uku, ke da ƙanenki duk ba ku kai inda za a yi wannan magana ba, kuma ki sa rai cewa kewar za ta taso da ƙarfi a azumin farko da sallar farko da babu shi, wanda shi ma ba koma baya ba ne. Amma ba a jiran cikar wata shida idan akwai maganar cutar da kai, ko shan ƙwaya, ko kwanaki a jere babu barci babu abinci. A wannan hali ku fara da asibitin unguwa, wato CSI, ko ku wuce babban asibitin ƙasa da ke nan Zinder ku ce kuna son ganin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ana yi ana ci gaba da addu'a, domin ɗaya ba ya hana ɗaya. Idan za ku je, wani babba da yake jin nauyinsa ya raka shi, a kuma faɗa wa likita ranar rasuwar, da lokacin da aka fara ganin sauyin, da duk wani magani ko ƙwaya da ake zaton yana sha.